Allon kwamfuta ko agoguna masu allura: daga ina mai ƙaramin jirgin sama zai fara?

Idan mutum ya cire tsofaffin agogunan da ke gaban matuƙi a ƙaramin jirginsa na sama ya saka allon kwamfuta, tsaro ya saya ko kwalliya? In tsaro ne, wane allo zai ɗauka, na wane kamfani, kuma sai an fasa dashbod ɗin baki ɗaya ko cike rami ɗaya ya wadatar? Masu ƙananan jirage na ƙashin kansu sun daɗe suna wannan musu. Ya ƙara zafi daga 2016, lokacin da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fara amincewa da ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi. Ya sake tashi a 2024, da kamfanin Garmin ya fara janye hannu daga cikakken gyaran tsohuwar na'urarsa ta nuna hanya, GNS 430, wadda ke cikin dubban jirage.

Yawancin jiragen da ake magana a kansu sun kwana biyu. Beechcraft Bonanza ya fito tun 1947, Cessna 172 a 1956, Piper Cherokee a farkon shekarun 1960. Da yawa daga waɗanda aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 suna tashi har gobe, jikinsu garau, an sha sabunta musu inji, amma abin da ke gaban matuƙi na zamanin da aka ƙera su ne. Mai irin wannan jirgi in ya tashi gyara yakan fara da tambayar allo: inci nawa ne, da yatsa ake taɓa shi ko maɓalli ake murɗawa. Ni a ganina allon ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafi, bayan an gama da wasu abubuwa da ba a ganinsu daga kujerar matuƙi.

Me ake cirewa, me ake sakawa

A tsohon tsari agoguna shida ne ginshiƙi, uku sama uku ƙasa. Uku daga cikinsu da matsin iska suke aiki: agogon gudu, agogon tsayi, da mai nuna saurin hawa ko sauka. Iskar tana zuwa musu ta wani ɗan bututu da ke leƙowa daga fiffike, bututun Pitot, da wani ɗan rami a jikin jirgi. Sauran ukun jairo ne a cikinsu, wato ɗan faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa da matsanancin gudu har ya ƙi karkacewa ko da jirgin ya karkace. Ɗaya yana nuna zaman jirgi, ko hancinsa ya ɗaga ko ya sunkuya, ko wani fiffike ya yi ƙasa. Wannan shi ne agogon daidaito. Na biyu yana nuna alƙibla, na uku saurin juyawa.

A sabon tsari babu abin da ke juyawa. Ƙananan na'urorin lantarki ne ke jin motsin jirgi, dangin waɗanda ke sa hoton wayar hannu ya juya idan an kwantar da ita, sai dai an ƙera su da inganci mai nisa. Wata 'yar kwamfuta tana karanta matsin iska, wata na'ura kuma da ake ɓoyewa can cikin fiffike ko jela, nesa da ƙarfe da wayoyi, tana karanta maganaɗisun ƙasa don alƙibla. Duk bayanan su taru a allo ɗaya. In akwai allo na biyu, shi ke ɗaukar taswira mai tafiya, yanayin sama, sauran jirage da lafiyar inji. Wannan tsari shi ake ce wa ɗakin tuƙi na gilashi. Manyan jirage irin su Boeing 767 sun fara da shi a 1982. Ya sauko ƙananan jirage a 2003 a jiragen Cirrus da allon kamfanin Avidyne, sannan Garmin G1000 ya biyo a 2004.

Akwai abin da bai sauya ba, kuma masu sabon allo sukan manta da shi. Bututun Pitot ɗin nan shi ne dai na da. In ƙanƙara ta toshe shi, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da jirgi ke ajiye, allo mafi tsada zai nuna gudun ƙarya kamar yadda tsohon agogo zai nuna.

Famfon da ke mutuwa ba sallama

Hujja mafi ƙarfi ta sauya kaya tana bayan inji, inda wani ɗan famfo yake zuƙar iska don juya jairon agogon daidaito da na alƙibla. A cikinsa akwai ƙananan ɓawuna na kabon da ke gogar bango duk lokacin da inji ke aiki. Suna cinyewa a hankali, rana ɗaya kuma su farfashe. Ba ƙara, ba girgiza.

A ce hakan ta faru jirgi yana cikin gajimare. Jairon ba ya tsayawa nan take. Gudunsa ne ke raguwa cikin 'yan mintuna, hoton da ke agogon ya fara kwantawa gefe kaɗan-kaɗan. Matuƙi ya ga kamar fiffiken hagu ya yi ƙasa, sai ya gyara zuwa dama. Hoton ya ƙara kwantawa, ya ƙara gyarawa. A zahiri jirgin da ke tafiya daidai ne yake kifarwa da hannunsa. Kunnensa na ciki, wanda ke gaya wa jiki ina ne sama ina ne ƙasa, ya riga ya saba da karkatar, ba zai faɗa masa gaskiya ba. Abin da zai tona asirin wani ɗan ƙaramin agogon matsi ne, wanda a jirage da yawa yana can kusurwar dashbod inda ido ba ya yawan zuwa. Ana koya wa matuƙa yadda za su gane wannan ta hanyar gwada agoguna da juna, amma koyo da malami a gefe, wanda ya rufe agogon da takarda, daban yake da agogon da ke buɗe yana ƙarya.

Na'urar lantarki in ta gane ta lalace, yawanci jan gicciye take bugawa a kan hoton, ta daina nuna komai. Matuƙi ya san nan take cewa ya rasa ta, ya koma kan ta ko-ta-kwana. Wannan bambanci kaɗai ya isa dalilin kashe kuɗi ga duk mai shiga gajimare. A watan Oktoba na 2000 gwamnan jihar Missouri ta Amurka, Mel Carnahan, ya rasu a haɗarin jirgi ƙirar Cessna 335 da dare cikin mummunan yanayi. Masu bincike sun ce matuƙin ya ruɗe ya kasa gane zaman jirgin, kuma lalacewar agogon daidaiton da ke gabansa tana cikin abin da ya jawo hakan.

To me ya sa binciken 2010 bai yabi allo ba?

A watan Maris na 2010 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazarin da ta yi a kan ƙananan jirage fiye da 8,000 da aka ƙera tsakanin 2002 da 2006, wasu da allo wasu da agoguna. Sakamakon bai yi wa masu talla daɗi ba. Jirage masu allo sun fi ƙarancin haɗari a jimilla, amma sun fi yawan haɗarin da ake rasa rai. Hukumar ta ce ba ta ga ƙarin tsaron da aka yi tsammani ba, ta kuma karkata shawarwarinta ga horo.

Har yau kowane ɓangare yana jan wannan rahoto gefensa. Masu riƙe da agoguna su ce ga shi nan, ba girin-girin ba, ta yi mai. Masu allo su ce a duba yadda ake amfani da jiragen. Jirage masu agoguna sun fi yawa a makarantun koyon tuƙi, inda ake yawan ƙananan haɗurra wajen sauka amma ba a cika mutuwa ba. Jirage masu allo kuwa an fi yin doguwar tafiya da su, cikin gajimare, matuƙi shi kaɗai. Masu goyon bayan allo sun kuma ce kayan 2006 ba su ne na yau ba. Duka biyun suna da gaskiya. Abin da na fi ɗauka daga rahoton shi ne, mutum in ya ga kayansa sun ƙaru yakan ƙara wa kansa ƙarfin hali. Tafiyar da da zai fasa saboda hadari, yanzu sai ya ce ai ina ganin hadarin a allo. Alhali hoton ruwan sama da ake aiko wa jirgi daga ƙasa ba na wannan lokacin ba ne. NTSB ta yi gargaɗi a 2012 cewa yana iya tsufa da minti 15 zuwa 20 fiye da yadda allo ya nuna. Ya isa a tsara kewaye hadari daga nesa, amma bai isa a kutsa tsakanin gizagizai biyu ba.

Takardar izini, da yadda ƙofa ta buɗe a 2016

Jirgin da masana'anta ta ƙera yana da takardar shaida da ta fayyace yadda hukuma ta amince da shi. Duk wani babban sauyi sai da ƙarin takarda, wadda ake kira STC, kuma kowace tana ɗauke da jerin nau'o'in jiragen da ta shafa. In jirginka ba ya cikin jerin, na'urar ba taka ba ce, komai kyawunta.

Shekara da shekaru masu jiragen da ake harhaɗawa a gida suna morar allo masu araha, masu jiragen masana'anta suna kallo, saboda tsadar gwaje-gwajen neman izini. A watan Afrilu na 2016 ƙungiyar masu harhaɗa jirage a gida, EAA, da kamfanin Dynon suka samo izinin saka na'ura mai ƙaramin allo, D10A, wadda asalinta ta jiragen gida ce, a wasu nau'o'in Cessna da Piper. Cikin 'yan watanni Garmin ya fito da tasa ƙaramar na'urar, G5. A Agustan 2017 sabon sashe na 23 na dokokin FAA, mai kula da ƙirar ƙananan jirage, ya fara aiki. Daga nan kaya suka yi ta fitowa: Dynon SkyView HDX a 2018, Garmin G3X Touch a 2019, sai GI 275 da uAvionix AV-30-C a 2020.

Wani abin ban dariya shi ne mai tsohon jirgi ya fi mai sabo 'yancin zaɓi. Wanda ya sayi jirgi da G1000 daga masana'anta, allon yana cikin takardar shaidar jirgin kanta, don haka sabuntawa sai abin da maƙerin jirgin ya yarda ya samar. Mai Cherokee na 1972 kuwa kasuwa a buɗe take gare shi.

Rami ɗaya, rami biyu, ko dashbod sabo

Mafi ƙanƙantar mataki shi ne a cire agogon daidaito a saka na lantarki a raminsa: G5, GI 275 ko AV-30-C. Mataki na gaba a ƙara ta biyu a gurbin agogon alƙibla. Da zarar an yi haka, a jirage da yawa famfon zuƙar iska ya rasa aiki, sai a cire shi da bututansa da matatarsa, jirgi ya rage nauyi. Akwai Aspen Evolution, wanda tun 2008 yake kasuwa, dogon allo ne da ke rufe ramuka biyun nan na tsakiya ba tare da an yanka ƙarfe ba. Sama da wannan sai manyan allo na inci 10 ko kusa da haka, irin su G3X Touch, G500 TXi da SkyView HDX, waɗanda yawanci sai an yanko sabon dashbod.

Tsallen da ya fi kowanne girma wajen tsaro shi ne daga agoguna zalla zuwa rami biyu. Daga rami biyu zuwa inci 10 abin da ake ƙara samu ya fi karkata ga jin daɗi da sauƙin aiki: babbar taswira, hoton tsaunuka da titin jirgi da kwamfuta ke zanawa daga rumbun bayananta, komai a wuri ɗaya. Ba abin rainawa ba ne, musamman ga mai tashi da dare a ƙasa mai duwatsu. Amma kuɗin da ke tsakanin matakan biyu yakan ninka sau da yawa, tsaron kuwa bai ninka haka ba.

A nan sai an karanta takarda da kyau. G5 tana nuna gudu da tsayi a gefen hotonta, amma izininta a matsayin babbar na'ura bai haɗa da su ba, don haka tsofaffin agogunan gudu da tsayi suna nan daram. GI 275 kuwa ana iya amincewa da ita ta ɗauki duka ukun. A ido kusan abu ɗaya ne, a doka daban.

Akwai kuma na'urar da ba ta da kwarjini amma takan biya kuɗin sabulu kafin sauran: mai lura da inji. Tsohon jirgi yakan nuna zafin silinda ɗaya kacal, wani ma ba ya nunawa. Sabuwar tana nuna zafin kan kowace silinda da zafin hayaƙinta, da yawan man da ake ƙonawa, ta kuma adana bayanan. Makanike ya sauke su ya ga bawul ɗin da ya fara ƙonewa tun kafin ya ci silindar.

Otofailot ne ke zaɓa maka kamfani

Nan ne yawancin masu gyara suke yin da-na-sani. Otofailot, na'urar da ke riƙe jirgi da kanta, ba ta aiki ita kaɗai. Dole wani abu ya gaya mata zaman jirgi. Tsofaffi irin su King KFC 150 da KFC 200 daga agogon daidaiton nan mai famfo suke karɓa. Ka cire shi ka saka G5, otofailot ya makance, domin G5 ba ta ba shi irin siginar da yake so. GI 275 ko Aspen, da kayan haɗin da suka dace, suna iya ba shi. Wasu na kamfanin S-TEC daga agogon saurin juyawa suke karɓa, don haka ko an yi sabon dashbod sai an bar wannan agogon, wani lokaci a ɓoye shi a baya.

Sababbin kuwa kowanne da danginsa. Garmin GFC 500, wanda aka sanar a 2017, yana buƙatar na'urar Garmin irin su G5, GI 275 ko G3X Touch. Na Dynon yana cikin SkyView. Allo yakan samu izini ga ɗaruruwan nau'o'in jirage a lokaci ɗaya, amma otofailot kowane nau'i sai an gwada shi daban, domin hannunsa na kan igiyoyin sarrafa jirgi. Saboda haka jerinsa ya fi gajarta. Wanda ya sayi allon kamfani kaza bana, baɗi ya gano otofailot ɗin kamfanin ba shi da izini a jirginsa, tsugune ba ta ƙare masa ba. Tambayar farko ita ce wane otofailot ne jirgina ke da izininsa. Amsarta takan rage zaɓin allo zuwa ɗaya ko biyu.

Me ya sa na ba shi wannan matsayi? A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura zalla, aka hana su ganin waje. Dukansu jirgi ya kuɓuce musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Sabon otofailot yana da maɓalli ɗaya, shuɗi a GFC 500, wanda in an danna shi jirgi zai miƙe ya daidaita fukafukansa. Yana kuma tura sitiyari a hankali in jirgi ya karkata fiye da ƙima, ko da ba a kunna shi ba. Ga matuƙin da ya faɗa gajimare ba shiri, iyalinsa a baya, wannan maɓalli ya fi masa inci 10 na allo amfani.

Na'urar nuna hanya, da inda jirgin zai tashi

Allo mai nunawa ne kawai. Wanda ke son sauka cikin gajimare da GPS yana buƙatar wani akwati daban da hukuma ta amince da shi don wannan aiki. GNS 430 ta fito a 1998, ta yi zamani, kayan gyaranta suna ƙarewa. Magajinta GTN ya zo a 2011. Avidyne ya ƙera IFD440 yadda za ta zame cikin gurbin GNS 430, abin da ke rage aikin wayarin sosai. A 2019 Garmin ya fito da ƙanana irin su GPS 175 da GNX 375, masu sauƙin kuɗi, amma GPS kaɗai suka sani, ba sa karɓar tashoshin rediyo na ƙasa, VOR da ILS. A 'yan shekarun nan toshe siginar GPS da gurɓata ta sun yawaita a yankin tekun Baltik, Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya. FAA kanta ta bar wasu tashoshin VOR da gangan don ranar da GPS zai ɗauke. Mai shiga gajimare ya bar wa kansa rediyon hanya ko da ɗaya ne.

Da yawa daga abin da ake talla da shi na sararin Amurka ne. Saukar da ake kira LPV, wadda ke iya kai jirgi har ƙafa 200 sama da titi, ta dogara da tsarin gyara siginar GPS daga tauraron ɗan'adam: WAAS a Amurka tun 2003, EGNOS a Turai, GAGAN a Indiya. Inda babu irin wannan tsari, ko babu filin da aka zana wa irin wannan sauka, akwatin ba zai ba da ita ba. Dokar ADS-B, wadda ta tilasta wa jirgi sanar da matsayinsa, ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Janairu, 2020, a sararin manyan filayen jiragen sama da sama da ƙafa 10,000. Zangon rediyo biyu gare ta: 978, wanda na cikin Amurka ne ƙasa da ƙafa 18,000, da 1090, wanda sauran duniya ke amfani da shi. Bayanan yanayi na kyauta ta zangon 978 suke zuwa, wato a Amurka kawai. Turai kuma tana da nata sharaɗin a kan rediyon magana mai tazarar 8.33 tsakanin tasha da tasha. Takardar STC ta Amurka ma ba ta zama izini a wata ƙasa sai hukumar da jirgin ke da rajista a wurinta ta karɓe ta.

Idan wuta ta ɗauke fa?

Tsohon tsari da duk aibinsa yana da wata hikima: ƙafa uku gare shi. Wasu agogunan iska, wasu famfo, wani lantarki, da wuya su mutu tare. Wanda ya cire famfo ya mayar da kusan komai kan lantarki, kuma yawancin waɗannan jirage altaneta ɗaya gare su da batir ɗaya. In ba a yi tanadi ba, an gudu ba a tsira ba.

Shi ya sa ƙananan na'urorin ke zuwa da batir nasu na ciki. Garmin yana cewa na G5 yana iya kai awa 4, na GI 275 kimanin awa 1. Wannan lissafin sabon batir ne. Yana tsufa, kuma littafin kulawa ya tanadi a riƙa gwada shi. Wasu suna ɗaura ƙaramar altaneta ta biyu a gurbin da famfo ya bari a jikin inji, dabara ce mai kyau inda akwai izininta. Akwai kuma musu a kan ko na'urar ko-ta-kwana ta zama ta kamfani ɗaya da babbar. In ɗaya ne, suna magana da juna, ɗaya ta karɓi aikin ɗaya da kanta. In daban ne, kuskuren manhaja guda ba zai kashe su tare ba. Na fi karkata ga na biyun ga mai yawan tafiya cikin gajimare, ko da yake na farkon ya fi sauƙin haɗawa. Kamfas mai ruwa yana nan a wurinsa ko ta yaya. iPad mai manhajar ForeFlight ko SkyDemon yana da amfani ƙwarai wajen taswira, amma doka ba ta ɗauke shi madadin na'urar da aka ɗaura ba, kuma rana in ta dake shi yakan kashe kansa.

Kuɗin da ba ya cikin talla

Farashin akwati rabin labari ne, wani lokaci ma bai kai rabi ba. Injiniya in ya buɗe dashbod ɗin jirgin da ya shekara 50 yakan tarar da tarihin duk waɗanda suka mallake shi: wayoyin rediyon da aka cire tun tuni an yanke su an bar su a ciki, rufin waya da ya bushe yana ɓarewa a hannu, haɗin da wani ya yi da salatif, eriyar da ba ta zuwa ko'ina. Ba zai ɗora sabon kaya a kan wannan ba. Awannin aiki sukan wuce ƙiyasi, jirgi ya yi makonni ko watanni a rumfa. Bayan nan akwai sabon lissafin nauyi da daidaito, lissafin wutar da kowace na'ura ke ja, da takardu. Wasu kayan dillalan kamfani kaɗai ke da izinin ɗaura su. Gwanintar mai ɗaurawa da irin jirginka ta fi ragin da wani zai yi maka muhimmanci.

Wannan ne ya sa yin aiki kaɗan-kaɗan yake da tarko. Duk buɗe dashbod kuɗi ne. Wanda zai yi a matakai ya zana ƙarshen tun farko, ya sa a ja wayoyin otofailot da na inji tun buɗewar farko, ya kuma sayi abin da zai ci gaba da amfani. G5 ɗin da ke babbar na'ura yau tana iya zama ta ko-ta-kwana gobe idan G3X Touch ya zo.

Sai kuɗin da ba ya ƙarewa. Bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28 a faɗin duniya, kuma biya ake yi. Tsohon agogo ana iya kwance shi a gyara bayan shekara 40. Akwatin lantarki ransa yana hannun kamfani da masu ƙera masa kayan ciki, kamar yadda masu GNS 430 suka gani. Wajen sayarwa, jirgi mai sabon dashbod ya fi saurin samun mai saye, amma da wuya kuɗin da aka zuba ya dawo duka, kuma cikakken aiki yana iya kusantar darajar jirgin kansa ko ya wuce. In injin Lycoming O-320 ya kusa awa 2,000 da kamfani ya ƙayyade don sabuntawa, ko an ga tsatsa a ƙashin fiffike, can kuɗin ya kamata ya fara zuwa. Wanda kuma tashinsa na rana ne, sama garau, kusa da gida, gaskiya agogunansa sun ishe shi. Ya ƙara agogon daidaito na lantarki ɗaya da mai lura da inji, ya sa sauran kuɗin a mai da horo.

Ranar da jirgi ya fito daga rumfa

Ido ya saba da allura. Matuƙin da ya shekara 20 da agoguna ba ya karanta lamba, kusurwar allura yake gani ya san gudunsa daidai ne. A allo gudu da tsayi lambobi ne da ke zamewa sama da ƙasa, sai an karanta. Wasu allon suna zana ɗan layi mai nuna inda gudu zai kai nan da daƙiƙa 6, kuma da zarar an saba da shi yana da daɗi, amma sabon yana ɗaukar lokaci. A wannan tsakanin kai yana ƙasa ana neman shafi, ido ba ya waje.

Kuskuren da aka fi yi da sabon kaya na rashin sanin halin da na'ura ke ciki ne. Matuƙi ya ɗauka otofailot yana bin hanyar GPS, ashe alƙiblar da aka murɗa masa yake bi. Ya ɗauka zai tsaya a ƙafa 5,000, ashe ba a ɗana masa tsayin ba, yana ta hawa. Amsar tana rubuce a wani siririn layi a saman allo, kore da fari, wanda sai an koya wa ido duba shi bayan kowace dannawa. Kamfanoni da dama suna da manhajar gwaji da ake sakawa a kwamfuta ko iPad, mutum ya yi ta dannawa a gida tun jirgi yana wurin aiki. A sa kuɗin awanni da malamin da ya san wannan kayan takamaimai cikin kasafin tun farko, domin sanin G1000 ba sanin SkyView ba ne.

Tashin farko bayan babban aikin wayarin a yi shi da rana, sama a buɗe, kusa da filin, ba fasinja. Tun a ƙasa a tabbatar sitiyari yana kaiwa ƙarshensa ta kowane ɓangare ba ya taɓa wata waya a bayan dashbod, otofailot yana tura shi ɓangaren da ya dace, kuma maɓallin cire shi yana aiki. A sama a gwada alƙiblar allo da kamfas, a kashe babbar wutar na'urori yadda littafi ya tsara a ga ko ta ko-ta-kwana ta karɓa, a rubuta duk abin da bai yi daidai ba a mayar wa mai aikin kafin a fara maganar gajimare.